Shayin Dare: Dakota ta Arewa, jihar da manoma suka kafa wa kansu banki

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau mu uku ne, Malam Bashir ya dawo daga tafiya, ga kuma Sadiq. To, bidiyon nan da ya cika mana waya tun makon jiya, na yaron da ya watsa tafasasshen ruwa sama, tsananin sanyi ya sa ruwan ya daskare ya zama kamar gari kafin ya sauko ƙasa.

Sadiq: Anti, har gidanmu an yi musu a kansa. Wasu sun rantse haɗi ne.

Hadiza: Ba haɗi ba ne. Ƙanin wata mai sauraronmu ne, yana karatu a Fargo, a jihar Dakota ta Arewa. Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce, wai da gaske mutane ke zaune a wurin nan? Malam, kai ne malamin labarin ƙasa.

Bashir: Suna zaune, Hajiya, sai dai ba su da yawa. Jiha ce a can saman Amurka, a kan iyaka da Kanada. Faɗinta murabba'in kilomita dubu 183, wato ta ninka jihar Kano wajen sau tara. Amma a ƙidayar 2020 mutanenta 779,094 ne.

Sadiq: Duk jihar?

Bashir: Duk jihar, ƙanena. Fargo ɗin da kuke ji, wanda shi ne birni mafi girma, mutum dubu 125 ne da 'yan kai a ƙidayar nan. Sanyin kuma dalilinsa a fili yake. Wurin na tsakiyar nahiya, ba teku kusa da zai sassauta iska, ba kuma wani tsauni daga arewa da zai tare ta. Iskar da ta taso daga ƙarshen arewacin Kanada haka za ta gangaro ba abin da ya tsayar da ita. A watan Fabrairun 1936, a garin Parshall, an auna digiri 51 ƙasa da sifili. A shekarar nan dai, watan Yuli, a garin Steele, aka auna zafi digiri 49.

Hadiza: Tsaya, Malam. A shekara ɗaya?

Bashir: Wata biyar ne tsakani. Digiri ɗari ke nan daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa za ka ga waya ta leƙo daga gaban motocinsu, da dare a jona ta da lantarki domin injin ya kwana da ɗumi, in ba haka ba da safe ba zai tashi ba. Amma ni ba sanyin ne ya kawo ni yau ba...

Sadiq: Kafin ka tafi can, Malam, me ya sa Dakota biyu? Akwai ta Kudu ma.

Bashir: Da yanki ɗaya ne. Rana ɗaya aka mai da su jihohi, 2 ga Nuwamba 1889. Kowacce na son a ce ita ce ta riga. Sai shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya sa aka cakuɗa takardun, aka rufe, ya sa hannu bai san wacce ya fara ba. Har yau ba wanda ya sani.

Hadiza: Ashe Hassan da Usaini ne!

Sadiq: To ai an gama. Wadda aka fara sa wa hannu ita ce Hassan.

Hadiza: A'a, ka manta? Tsofaffi cewa suke wanda ya fito daga baya shi ne babba, shi ya aiko ƙaramin ya dubo masa duniya.

Sadiq: Anti, wannan a garinku ne. Mu a wajenmu wanda ya fara kuka shi ne yaya.

Hadiza: To wa ya ji kukan takarda?

Bashir: A lissafin hukuma dai an bi jerin haruffa, ta Arewa ta zama ta 39, ta Kudu ta 40.

Sadiq: Ka ji! Hassan ke nan.

Hadiza: Ungozoma ce ta rufe ido, ba ka da hujja. Kuma in an haifi wata jihar bayansu, ita ce Gambo.

Bashir: Montana ce. Kwana shida bayansu.

Sadiq: Gambo Montana! Wallahi ya dace da ita.

Hadiza: Masu tagwaye a gida ku turo mana saƙo ku raba mu, don Sadiq ba zai yarda ba.

Bashir: Ku bar ni in kai ga maganar da na zo da ita. Waɗanda suka cika wurin nan talakawan manoma ne, yawancinsu daga Norway, da Jamusawan da suka taso daga Rasha. Dokar 1862 ta ce duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar, an ba shi eka 160. Kamfanin jirgin ƙasa ne ke kwaso su. Babban birnin ma, Bismarck, kamfanin ne ya raɗa masa sunan shugaban gwamnatin Jamus a 1873 don ya jawo kuɗin Jamusawa. To ga noma ya yi, ga alkama, amma wa ke yanka farashi? Dillalan hatsi na Minneapolis, a wata jihar. Su ke auna alkamar, su ce mai kyau ce ko maras kyau, jirgin ƙasa ya caje ka yadda ya ga dama, banki ya ba ka bashi da ruwa mai tsada. Manomi ya sha sanyin nan duka, riba ta tafi wani wuri.

Hadiza: Wannan kukan ai mun san shi.

Bashir: Su abin da suka yi shi ne ya dame ni, har na kasa barci da na karanta. A 1915 wani mutum, Townley, ya riƙa bin gonaki a mota yana haɗa kan manoma, kowa ya biya kuɗin ƙungiya. Shekara ɗaya suka ci kujerar gwamna. A 1919 suka kafa banki mallakar jiha, kuɗin gwamnatin jiha a nan ake ajiye su, daga nan ake tallafa wa manoma da ƙananan bankuna da ɗalibai. Yana nan har gobe, kuma babu wata jiha a Amurka da ke da irinsa. A 1922 suka buɗe injin niƙan alkama na jiha a Grand Forks, shi ma yana aiki har yanzu. Ba su jira wani ya zo daga babban birnin tarayya ya ji tausayinsu ba.

Sadiq: Amma Malam, mutum dubu ɗari bakwai ai saukin haɗawa ne da su.

Bashir: Lokacin ba waya a hannun kowa, gona da gona tafiya ce mai nisa, rabin shekara hanya a toshe da ƙanƙara. Ban yarda sauƙi ne ba. Kuma dubi abin da jikokinsu suka yi da mai. An fara samun mai a 1951 kusa da Tioga, amma sai bayan 2006, da aka iya fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai ƙarfi, abin ya ɓarke a yankin Bakken. A ƙarshen 2019 suna haƙo ganga miliyan ɗaya da rabi a rana.

Hadiza: Kusan abin da Najeriya gaba ɗaya ke haƙowa ke nan.

Bashir: Shi ne. A 2010 jama'a suka kaɗa ƙuri'a cewa kashi 30 cikin ɗari na harajin mai a zuba shi a wani asusu na 'yan baya, aka sa shi cikin tsarin mulkin jihar yadda taɓa uwar kuɗin zai yi wuya. Yanzu ya haura dala biliyan 10.

Hadiza: Malam, na ji, kuma abin a yaba ne. Amma ba zan bari ka wuce ba ka faɗi filin wa aka raba ba. Eka 160 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba.

Bashir: Gaskiyarki.

Hadiza: Akwai masu ƙasa tun asali, Mandan, Hidatsa, Arikara, da Dakota da Lakota. Mandan manoma ne, masu garuruwa a bakin kogin Missouri, suna noma masara da wake da kabewa. A wajensu ayarin Lewis da Clark, masu binciken ƙasa da gwamnatin Amurka ta aika, suka yi zaman hunturu a 1804 zuwa 1805, su suka ciyar da su. A 1837 cutar agana ta shigo ta jirgin ruwa ta kusan ƙarar da Mandan ɗin. Waɗanda suka rage aka tara su a Fort Berthold, yankin da aka keɓe musu. Sai kuma aka gina madatsar ruwa ta Garrison, aka gama a 1953, ruwa ya cinye musu sama da eka dubu 150, kuma fadamarsu ce mafi albarka. Yawancinsu dole suka tashi suka hau tudu. Wannan abu yana ci mini rai. Ko a 2016 ai kun ga mutanen Standing Rock, su ma masu ƙasa ne tun asali, sun yi watanni a sansani, har cikin ƙanƙara, suna cewa kada a bi da bututun mai ta ƙarƙashin ruwan da suke sha.

Bashir: Ban musa ko ɗaya ba, Hajiya. Duk wanda zai ba da labarin bankin, ya haɗa da wannan.

Sadiq: Ni kuma ina da wanda ban ji kun taɓo ba. Yaron nan na bidiyo, ina yake sallah?

Bashir: Akwai masallaci a Fargo, akwai Musulmi 'yan Somaliya da Bosniya da sauransu. Amma ka san ɗaya daga cikin masallatan farko da aka gina a Amurka a jihar nan yake? A wani ƙauye, Ross, a 1929. Manoma ne daga Siriya da Labanan, su ma filin suka zo nema. Ginin rabinsa a cikin ƙasa yake. An rushe shi a shekarun 1970, sai a 2005 zuriyarsu suka gina ɗan ƙarami a wurin, kusa da maƙabartar iyayensu.

Hadiza: Allahu akbar. Allah Ya jiƙansu.

Sadiq: Amin. To azumi fa?

Bashir: In ya faɗo a watan Yuni, kusan awa 18 za ka yi, don rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. A Disamba kuwa kafin biyar na yamma an sha ruwa.

Sadiq: To a Disamba zan je.

Hadiza: Da wace rigar?

Bashir: Ban ma yi maganar kogin Red ba, wanda ke gudu zuwa arewa, ya shiga Kanada. Kudu ke fara narkewa alhali arewa na daskare, sai ruwa ya rasa hanya, ga ƙasar shimfiɗe don tsohon gindin tafki ce. A Afrilun 1997 ya shanye Grand Forks, aka kwashe mutane wajen dubu 50, kuma ana cikin ruwan gobara ta tashi a tsakiyar gari. Sannan zuma, babu jihar da ta kai su a Amurka, ga...

Hadiza: Malam, mai ɗaukar sauti yana ɗaga mini hannu tun ɗazu. Mun ce za mu rufe da shawara ga masu shirin zuwa karatu can.

Bashir: Su sayi rigar sanyin a can, ta nan ba za ta yi ba. Sauran sai wani makon.

Sadiq: Kuma a turo hukuncin Hassan da Usaini.

Hadiza: A turo. Sai mun haɗu, mu kwana lafiya.