Lauyan farko daga Arewa: laccar tunawa da Abdulrazaq a Kaduna

Assalamu alaikum. 'Yan baya ku ɗan matso, lasifikar nan ba ta kaiwa can.

To 'ya'yana ɗaliban lauya, yau kan Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq zan yi magana, Mutawallin Ilorin kuma Tafidan Zazzau, Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ke ci min rai shi ne da yawanku kun san ɗansa gwamnan Kwara amma uban ba ku san shi ba, alhali wannan baƙar rigar da farar hular gashin da kuke ɗokin sakawa, duk faɗin Arewa shi ya fara saka su.

A Onitsha aka haife shi a 1927, iyayensa mutanen Ilorin ne. Ya yi karatu a Dublin, sannan a 1955 ya zama cikakken lauya a Landan. Ku tsaya ku yi tunani fa, 1955, saura shekara biyar a karɓi mulkin kai, yanki guda mai girman nan ba shi da ɗansa ko ɗaya da zai tsaya gaban joji ya kare shi, in rigima ta tashi a babbar kotu sai dai a ɗauko Bature ko a nemo lauya daga Ikko, kai kana bayani da Hausa tafinta na juyawa, abin da ya zube a hanya ya zube kenan. Wannan giɓin ya zo ya tarar. Shi ya sa su Sardauna suka riƙe shi hannu bibbiyu, ya zama mai ba jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa a lokacin shawara kan shari'a.

Daga nan siyasa ta ja shi. Ya zauna a majalisar Arewa, nan Lugard Hall da kuke wucewa kullum a keke napep, aka tura shi jakada Kodebuwa a 1962, ya dawo ya shiga majalisar tarayya, Tafawa Balewa ya ba shi minista a ɓangaren jiragen ƙasa. Lokacin kuwa jirgi ne komai, gyaɗa da auduga duk ta tashar Kaduna suke bi su gangara teku. Bai daɗe a kujerar ba sojoji suka yi juyin mulkin Janairun 1966, aka kashe Sardauna a garin nan, wallahi har yau in na shiga Arewa House, tsohon gidan Sardauna, sai jikina ya yi sanyi.

Shi dai Abdulrazaq bai zauna ba, da aka ƙirƙiro jihar Kwara a 1967 ya riƙe kwamishinan kuɗi. Ya rasu a watan Yulin 2020 yana da shekara casa'in da ɗoriya.

Na ji an fara kiran la'asar, mu je mu dawo sai a yi tambayoyi.