'Yar Na'urar Gem Da Ke Shigar Burtu: Yadda Take Aiki, Da Yadda Za Ka Saka Mata Naka Wasan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Garwa.

Ku dubi abin da ke hannuna. Duk wanda ya taso a shekarun 1990 zai ce ai Game Boy ce. To ba ita ba ce, shigar burtu ta yi. Wannan ƙirar kamfanin Anbernic ce ta ƙasar Sin, sunanta RG35XX, kuma a cikinta ƙaramar kwamfuta ce mai aiki da Linux. Tana da 'yan'uwa irin su Miyoo Mini da R36S. Kakarsu kuwa ita ce GP32, wadda kamfanin Game Park ya fitar a Koriya ta Kudu a 2001, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son rubuta wasansa.

Game Boy ta asali, Nintendo ne ya fitar da ita a Japan a 1989. Ƙwaƙwalwarta ƙirar Sharp ce, kuma tana da nata yaren. Wasan da ke cikin kaset umarni ne zalla da aka rubuta da wannan yare: ɗauko lamba kaza, ƙara mata ɗaya, matsar da ɗan mutumin nan dama. Ita kuwa ta hannuna ƙwaƙwalwar ARM gare ta, dangin wadda ke cikin wayarka, ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren Sharp.

Nan ne tafinta ke shigowa. Mu 'yan Garwa mun san aikinsa: tsoho ya zo asibiti da Fulatanci, likita yana Faransanci, sai a nemo na tsakiya. Manhajar kwaikwayo, wadda ake kira emuleta, ita ce na tsakiyan. Tana karanta umarnin wasan ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi zuwa yaren ARM, sannan ta yi wa wasan ƙaryar cewa ga allonsa, ga lasifikarsa, ga maɓallansa, duk yadda ya saba. Wasan bai san an sauya masa gida ba.

Amma fa tafintan nan ba shi da damar yin tari. Game Boy tana sabunta hoton allo kusan sau 60 a kowace daƙiƙa, dole fassara ta tafi da wannan gudun. In ta makara, za ka ji kiɗa yana karkarwa, hoto yana tsalle. Shi ya sa wannan ƙaramar take ɗaukar wasannin Game Boy da na PlayStation ta farko lafiya lau, amma in mai shago ya rantse maka za ta ɗauki PlayStation 2, ka yi murmushi ka wuce.

Wani gargaɗi kafin mu ci gaba, don ni ya ci ni. Katin memorin da ke zuwa da irin waɗannan na'urori sau da yawa maras suna ne. Nawa ko wata biyu bai yi ba ya mutu, ya tafi da duk inda na kai a wasannina. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce zafin Garwa ne. Zafin Garwa dai ya saba ɗaukar laifin da ba nasa ba. Ka sayi kati mai kyau, ka kwafe komai tun ranar farko.

Batun doka kuma, a gajarce. A 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony game da emuletar PlayStation. Amma kwafar wasannin mutane a raba, wannan taka haƙƙin mallaka ne. A 2024 masu Yuzu, emuletar wasannin Nintendo Switch, suka amince za su biya Nintendo dala miliyan 2.4, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, suka kuma rufe aikin.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan bidiyo. Tafinta ba ya tambayar wa ya rubuta maganar. In ka kawo masa fayil da yaren Game Boy, ko a Kiyoto, garin kamfanin Nintendo, aka rubuta ko a ɗakinka, zai fassara. Wato kai ma kana iya yin naka wasan. Masu wannan sha'awa suna amfani da GBDK, kayan aikin haɗa wasannin Game Boy, in sun iya yaren rubuta manhaja da ake kira C. Wanda bai iya ba, akwai GB Studio, manhaja ce ta kyauta da Chris Maltby ya fitar a 2019. Zane kake jerawa, kana zaɓar abin da zai faru in an danna maɓalli, ita kuma ta haɗa maka fayil.

Ga nawa. Yaro ne a kwalekwale zai tsallaka kogin Binuwai, dorina tana tare masa hanya. Allon ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launi huɗu kacal, daga mai haske zuwa mai duhu. Komai da 'yan murabba'ai ake gina shi, kowanne ɗigo 8 sau 8, kamar mai jera tubali. Abubuwa masu motsi ba sa wuce 40, kuma 10 kawai ke iya zama a layi ɗaya. Da na cika kogin da dorinai a jere, sai wasu suka riƙa ɓacewa. Na rage su, wasan ma ya fi daɗi.

Inda na fi shan wuya shi ne rubutu. Haruffan da suka zo da manhajar ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ. Na rubuta "ƙofa", wurin harafin farko ya fito fanko. Dole na buɗe hoton haruffan na zana su da kaina. Ku matso ku gani: lanƙwasar kan ƙ ɗin nan ɗigo biyu ce tak. Na sa uku, ta koma kamar R. Na sa ɗaya, ta zama k. Dare guda na kashe a kanta, da fitilar waya, don an ɗauke wuta.

Da na gama, na fitar da fayil ɗin, na jefa shi a jakar wasannin Game Boy da ke cikin katin, na miƙa wa ɗan yayata. Ya karanta allon farko da ƙarfi, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, gem ɗin yana jin Hausa!" Minti uku bai cika ba ya sake kirana: "Kawu, in na bi ta gefen hagu, kwalekwalen yana ratsa dorina ya wuce, ba ta yi masa komai."

Na duba, gaskiyarsa ne, ban sa mata iyakar karo ta wannan ɓangaren ba. A bidiyo na gaba da wannan gyaran za mu fara, sai ku sauke GB Studio ku ajiye kafin nan.