Yaron da Bai Fara Magana Ba: Ta Ina Ake Fara Bincike?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau zan shigar da ku ɗakin da muke duba yaran da magana ta yi wa gardama, ku ga abin da ake yi tun daga bakin ƙofa.

Uwa za ta shigo da ɗan shekara uku ta ce, "Malama, duba mini harshensa, an ce linzami ne." Kusan kowa da harshe yake farawa. Ni kuwa da kunne nake farawa. Yaro ba ya faɗin abin da bai ji ba. Akwai wanda aka kawo mini an riga an kai shi wurin wanzami har sau biyu, an cire beli, an yanka ƙasan harshe, shiru. Da na tambayi tarihinsa, ashe ya yi sanƙarau yana wata takwas. Gwajin ji ya nuna kunnuwan biyu sun tafi. Harshen nan lafiyarsa ƙalau, wahala kawai ya sha.

Shi ya sa tambayoyin farko suke da yawa. Haihuwar ta zo da matsala? Ya yi shawara yana jariri har idonsa ya yi ɗorawa? Ƙyanda fa, ko kunne mai zubar da ruwa? Ya yi gwaranci, wato ba-ba-ba ɗin nan da jarirai ke yi daga wajen wata 6 zuwa 9? Yawancin yara suna furta kalmar farko wajen shekara ɗaya, zuwa shekara biyu kuma sun haɗa kalma biyu, kamar "Mama ruwa".

Kada ku ce, ai yana juyowa idan an buga ƙofa. Ƙarar ƙofa daban, sautin "s" daban. Shi ya sa sai an yi gwajin ji: jariri ana sa masa ɗan abu mai laushi a kunne yana barci, na'ura ta auna amsar da cikin kunnen ya mayar, minti kaɗan an gama. Wanda ya kai shekara uku kuma wasa muke mayar da gwajin: a sa masa abin ji a kai, duk lokacin da ya ji ƙara ya jefa dutse a kwano. Akwai kuma awon da ke nuna ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, abin da ke sa yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne da auduga.

Bayan nan ne nake leƙa baki da tocila: leɓe, haƙora, ganɗa ko ta tsage, harshe ko yana ɗagawa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Inda aikin yake shi ne a kan tabarma. Sai in baje cokali, ƙwallo, takalmi da 'yar tsana, in yi shiru. Ina so in san abu biyu: me yake fahimta, me yake iya faɗa. In ce "ba ni takalmi" ba tare da na nuna ko na kalli takalmin ba. Iyaye mata, a nan kuke ba mu dariya, sai ku riƙa nuna masa da ido! Ku bari. Ina kuma lura ko yana haɗa ido da ni, ko yana nuna abu da yatsa don in gani, saboda rashin hakan na iya sa mu tura shi a duba galahanga, wato autism, larurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane.

To, ga wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Manyan gwaje-gwajen da ke cikin littattafanmu, irin su Goldman-Fristoe na auna furuci, a kan yaran Amurka masu jin Turanci aka tsara su. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ts a ciki. Dole mu haɗa namu hotunan: ƙofa, ɗaki, ɓera, tsuntsu, rago. Idan yaro ya ce "tare" maimakon "kare", na rubuta, in duba ko haka yake yi wa duk "k". Amma ɗan Sakkwato da ya ce "hwari" maimakon "fari" ba tsamin baki gare shi ba, karin harshen gidansu ne. Haka wanda ke jin Hausa da Fulatanci, kalmominsa na harsunan biyu ake haɗawa a ƙirga.

In'ina kuwa ƙirga ta ake yi. Muna ɗaukar maganar yaro a waya, mu ƙirga gaɓoɓin da ya maimaita, ya ja, ko suka maƙale masa. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma da yawa tana barinsu da kanta. Amma idan ta haura wata 6, ko yana runtse ido yana dukan cinya kafin kalma ta fito, ko akwai mai yi a dangi, kada a jira.

Ranar zuwa asibiti, ku taho da katin haihuwa da na rigakafi, da ɗan bidiyon yaron yana wasa da 'yan uwansa a tsakar gida, don wani a gabanmu ko uffan ba zai ce ba. Mako mai zuwa za mu koma kan manya, waɗanda magana ta ɗauke musu bayan shanyewar ɓarin jiki. A huta lafiya.