Idan Protocol Buffers Ya Ba Ka Amsar Da Ba Ita Ba: Daga Ina Za Ka Fara Bincike?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu rubuta manhaja, yau za mu tsaya kan Protocol Buffers, wanda aka fi kira protobuf, tsarin da Google ta saki ga jama'a a 2008 don tattara bayanai zuwa bait-bait, a aika, a warware a ɗaya gefen.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko: sunayen da kuka rubuta a fayil ɗin .proto, wato fayil ɗin da ke fayyace tsarin saƙo, inda kowane gurbi ke da suna da lamba, ba sa tafiya da saƙo. Lambar gurbi ce ke tafiya, da nau'in abin da ke ciki. Ga misali. Idan gurbi na 1 yana ɗauke da 300, abin da ke fita bait uku ne: 08 AC 02. Idan gurbi na 2 yana ɗauke da kalmar "ƙasa", za ku ga 12 05 C6 99 61 73 61. Wannan 05 tsawo ne. Harafi huɗu, bait biyar, saboda ƙ tana cin bait biyu a UTF-8, tsarin mayar da haruffa bait, haka ɓ da ɗ. Duk wanda ya yanke rubutu yana ƙirga bait, wata rana zai raba ƙ gida biyu, mai karɓa kuma ya ƙi saƙon, domin a proto3, siga ta uku ta harshen protobuf, dole string, wato gurbin rubutu, ya kasance UTF-8 lafiyayye. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi ƙara.

Matsalar da ke hana barci ita ce wadda ba ta ƙara. Wani ya goge gurbi na 4 da ke ɗauke da yawan kaya, bayan wata biyu wani ya zo ya ba farashi lamba 4. Dukansu int32 ne, wato nau'in cikakkiyar lamba iri ɗaya. Tsohuwar manhajar da ke wayoyin mutane za ta karanta farashi a matsayin yawan kaya, ba tare da ko gargaɗi ba. Don haka duk gurbin da aka goge, a rubuta reserved da lambarsa da sunansa, protoc, manhajar da ke sarrafa fayil ɗin .proto, zai hana kowa sake taɓa shi. Canza suna ba ya ɓata bait, amma yana ɓata JSON, tsarin aika bayanai a matsayin rubutu, domin a can suna ne ke tafiya.

Canza nau'i ma haka yake. Ka mayar da int32 zuwa sint32 don rage nauyin lambobin da ke ƙasa da sifili, wanda dalili ne mai kyau tunda a int32 kowannensu bait goma yake ci. To amma tsohon saƙo mai 300 yanzu 150 za a karanta shi, mai 301 kuma ya koma -151. Idan kana son sabon nau'i, buɗe sabon gurbi. Masu aikin kuɗi kuma, don Allah ku ji wannan: iyakar int32 ita ce 2,147,483,647. Idan a kwabo kake ajiye kuɗi, bai kai naira miliyan 21 da rabi ba. Wanda ya aika da int64 ga mai karanta int32, za a datse masa lambar shiru. Fara da int64, mai ɗaukar lambobi mafi girma, tun ranar farko. Sai dai ka sani a JSON int64 yana fita ne a matsayin rubutu, saboda JavaScript ba ya riƙe lambar da ta wuce 9,007,199,254,740,991 daidai.

Sai batun sifili. A proto3, gurbin da ke ɗauke da sifili, ko false, ko rubutu fanko, ba a aika shi kwata-kwata. Mai karɓa ba zai bambance "ragi sifili ne" da "ba a faɗi ragi ba". Idan bambancin yana da muhimmanci, sa optional, wanda ya tabbata a proto3 daga siga ta 3.15. A enum ma, wato jerin zaɓuɓɓuka masu lamba, bar sifili ga "ba a bayyana ba", kar ka ba shi ma'ana irin "an biya".

Akwai wata da nake ganin ba a cika bayyana ta ba. Saƙon protobuf bai san inda ya ƙare ba. Ka rubuta saƙo biyu a jere a fayil ɗaya, ka karanta, ba zai yi kuka ba: zai haɗe su, na ƙarshe ya danne na farko, gurabun repeated, masu ɗauke da jeri, kuma su cakuɗe. Sai ka sa tsawo a gaban kowane saƙo. A Java, writeDelimitedTo da parseDelimitedFrom ke yin wannan.

Saura biyu, a gurguje. gRPC, tsarin da manhajoji ke aika wa juna saƙonnin protobuf da shi, ba ya karɓar saƙon da ya wuce megabait 4 sai an ɗaga masa iyaka, kuma gara a yanka saƙon kashi-kashi da a ɗaga. A Python, kuskuren da ke cewa ba za a ƙirƙiri descriptors kai tsaye ba ya yawaita ne a 2022, da fitowar siga ta 4.21. Maganinsa a sake samar da fayilolin _pb2.py da protoc 3.19 ko sama, a kuma ƙulle sigar a fayil ɗin aikin.

Wani ya tambaya, da me za a fara idan abu ya rikice. Kar ka fara da karanta rubutun manhajar. Kama ainihin bait ɗin da suka iso, ka ajiye su a fayil, ka tura su cikin protoc --decode_raw. Ba ya buƙatar .proto, zai nuna maka lambobin gurbi da abin da ke cikinsu tsirara. Idan ya kasa, bait ɗin sun lalace a hanya: an datse su, ko an bi da su ta wurin da ya ɗauke su rubutu, ko an mayar da su haruffa da tsarin base64 ba a warware ba. Idan ya karanta lafiya, to ɗauko .proto na mai aikawa da na mai karɓa, ka jera su, ka bi lamba bayan lamba har ka ga inda suka saɓa.