Sharhi: West Indies, Sunan da Kuskure Ya Haifa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk mai bibiyar labarin wasanni ya taɓa jin an ce West Indies ta doke Ingila a wasan kurket. To, a ina wannan ƙasa take? Ko an duba taswira ba za a same ta ba, domin babu ƙasa mai wannan suna. Tsibiran Karibiyan ake nufi, irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad, waɗanda nisansu da Indiya ya fi nisan Kano da Makka sau da yawa.

Asalin abin daga Christopher Columbus yake. A ranar 12 ga Oktoban 1492 ya sauka a wani tsibiri na Bahamas, yana neman hanyar teku zuwa gabashin Asiya, yankin da Turawan wancan zamani ke kira Indiya baki ɗaya saboda kayan yaji da siliki. Ya ɗauka ya iso. Mutanen Taino da ya tarar ya raɗa musu suna Indiyawa, kuma har ya mutu a 1506 bai janye maganarsa ba. Da gaskiya ta bayyana, sai Turawa suka ƙi gyara kuskuren, suka yi masa kwaskwarima kawai: tsibiran Asiya suka zama Indiya ta Gabas, na Amurka kuma Indiya ta Yamma, wato West Indies.

Indonesiya, wadda a da ake kira Indiya ta Gabas ta Holan, ta yar da nata kason tun da ta ayyana 'yanci daga Holan a 1945. Amma a Karibiyan sunan ya zauna daram, duk da cewa a ƙarƙashinsa aka yi bautar gonakin rake da 'yan Afirka. Har sojojin da ake kira West India Regiment Birtaniya ta kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar Ghana ta yanzu, yaƙin da dakarun Hausawa na Kyaftin Glover, wani jami'in Birtaniya, su ma suka shiga.

Ga wani abin mamaki. Bayan an haramta bauta, Birtaniya ta kwaso 'yan ƙwadago daga ainihin Indiya zuwa Guyana daga 1838, zuwa Tirinidad daga 1845. Yau jikokinsu ana ce musu Indiyawan Gabas, don a bambanta su da maƙwabtansu da kuskuren Columbus ya riga ya ba sunan.

A ganina, masu cewa a goge sunan gaba ɗaya sun yi garaje. Mutanen yankin sun karɓe shi sun mai da shi nasu. Da shi suka kafa tarayyar yankuna goma a 1958, wadda ta wargaje a 1962 bayan Jamaika ta fice. A lokacin ne Eric Williams, shugaban gwamnatin Tirinidad, ya ce idan aka cire ɗaya daga goma, sifili ne ya rage. Da suka sake haɗuwa a 1973, sunan Karibiyan suka zaɓa wa ƙungiyar haɗin kansu, wato CARICOM. Amma jami'arsu da ta faro a Mona ta Jamaika a 1948 tana ɗauke da tsohon sunan har gobe, haka ma ƙungiyar kurket ɗinsu da ta ci kofin duniya a 1975 da 1979 ƙarƙashin jagorancin Clive Lloyd, ɗan Guyana, ƙasar da ko tsibiri ba ita ba ce.