Shekara Biyu a Kwaleji: Abin da Ake Samu da Bashin da Ke Biyo Baya

An rubuta wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zaman iyaye da matasan Hausawa mazauna Bronx, a birnin New York.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, ƙannena, ina gaishe ku da fitowa cikin wannan sanyi.

An ce in yi magana a kan wani karatu da yawancinmu ba ma ɗaukarsa a bakin komai, wato karatun shekara biyu na aikin sinadarai. Yaro ya ce zai shiga kwalejin shekara biyu, wadda a nan suke kira kwalejin al'umma, sai ka ga fuskar uba ta sauya, don shi likita ko injiniya ya sa a rai. Ni kuwa na shafe shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata masana'antar sinadarai a kudancin Texas, kuma rabin waɗanda muka yi aiki tare takardar shekara biyu gare su. Da ita suka sayi gidaje, da ita suka aurar da 'ya'ya.

Ma'aikatar Ilimi ta Amurka tana da wani shafi mai suna College Scorecard. An buɗe shi a 2015, zamanin Obama, daga 2019 kuma aka fara nuna alƙaluma fanni-fanni: wanda ya karanta kaza a makaranta kaza, nawa yake samu bayan ya gama, nawa kuma ake bin sa. Fannin da muke magana a kai lambarsa 41.03, wato masu taimaka wa masana kimiyya da aikin hannu da na na'ura. To a nan ne mutane ke ruɗewa. Za ka buɗe makaranta ɗaya ka ga albashin da zai sa ka gyara zama, ka buɗe wata a wata jihar, suna ɗaya, lamba ɗaya, ka ga abin bai kai rabin wancan ba. Sai ka ce ɗaya ƙarya take yi. Babu mai ƙarya. Sana'a biyu ce aka zuba a buhu ɗaya.

Ta farko, aikin ɗakin gwaji. Ana kawo maka ruwa ko mai ko hodar magani, ka auna, ka sa a na'ura, ka rubuta abin da ka gani, ka ce wannan ya yi, wannan a zubar. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar nan tana sa matsakaicin albashin wannan aiki sama da dala 50,000 a shekara, amma sabon shiga a ƙasa da haka yake farawa.

Ta biyu, kula da injinan matatar mai da masana'antar sinadarai. Shi wannan ofareta ne: yana zaune gaban allunan kwamfuta yana lura da zafi da matsin iska a cikin tukwane masu tsayin hasumiyar masallaci, ko yana waje da hular kwano yana bin bututu yana duba famfuna. Albashinsa ya ɗara na ɗan ɗakin gwaji nesa ba kusa ba, in aka haɗa da kuɗin ƙarin lokaci. Kwalejojin da suka yi suna a kansa yawancinsu a bakin tekun Texas da Louisiana suke. Lee College tana Baytown, gari ɗaya da babbar matatar ExxonMobil. Brazosport College tana Lake Jackson, maƙwabciyar masana'antar Dow ta Freeport. San Jacinto College a Pasadena ta buɗe wata cibiya ta musamman don wannan karatu a 2019, da ƙaramar masana'anta ta koyo a cikinta. Kamfanonin nan su ke shigowa makaranta su ɗauki ɗalibai aikin gwaji. Saboda haka in ka ga babbar lamba a shafin nan, abin da za ka fara tambaya shi ne: wace masana'anta ce a bayan katangar makarantar? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya yi wannan karatu a garin da babu matata, kuma ba ya shirin barin gaban Hajiya, ba zai ga wancan albashi ba.

Kuma kada in ɓoye muku, kuɗin nan ba a banza ake biyansa ba. Awa 12 ake yi a jere, wannan mako da rana, mako mai zuwa da dare. Ranar Sallah tana iya samun ka a bakin aiki, azumi ma haka za ka yi shi cikin zafin Texas da rigar kariya daga wuta. A watan Maris na 2005 matatar BP ta Texas City ta fashe, mutum 15 suka rasu. Duk wanda ya shiga wannan sana'a sai an karanta masa labarin ranar nan. Iyaye mata, ku san wannan kafin ku sa albarka.

Yanzu bashi, wanda na san shi ya fito da da yawa daga cikinku.

Kuɗin makaranta a kwalejin gwamnati ta shekara biyu, ga ɗan gundumar da makarantar take, matsakaicinsa a faɗin ƙasa kusan dala 4,000 ne a shekara. Tallafin Pell, wanda kyauta ne ba a biya, ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ga mai cikakken haƙƙi. Kun ga ke nan ɗan gidan mai ƙaramin ƙarfi, in ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin, yana iya gama karatun nan ba a bin sa ko sisi. Babban sharaɗin shi ne a cike takardar FAFSA, wato takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, a kan lokaci, kowace shekara. Na san gidajen da ba su cike ba don uba ba ya son a ga takardun harajinsa. Alhaji, wallahi wannan kunya tana jawo wa yaro bashi.

In kuma sai an ci bashin, gwamnatin tarayya tana ba ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa har dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu. Iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin kana makaranta, akwai wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka ba ka. Wanda aka karɓa a shekarar 2024 zuwa 2025 ruwansa kashi 6.53 cikin ɗari ne. Mu yi lissafi tare: dala 10,000, a biya cikin shekara 10, zai kama kusan dala 114 a wata, a ƙarshe ka biya ruwa wajen dala 3,600. Ga ofaretan matata wannan ba komai ba ne. Wata shida bayan barin makaranta ake fara biya.

[Wani dattijo ya yi tambaya a kan riba.]

Baba, tambayarka tana kan hanya, hukuncin kuwa na malamai ne, ga su nan zaune. Abin da zan iya cewa a matsayina, wannan na cikin karatun da aka fi iya yi ba tare da an taɓa bashin ba sam. Ga Pell, ga tsarin biyan kuɗin makaranta kashi-kashi cikin zango, ga gudummawar dangi. Adashen da iyayenmu mata ke yi a unguwar nan ya isa ya ɗauki zango guda.

Akwai abubuwa biyu da shafin nan ba zai faɗa muku da babbar murya ba. Albashin da yake nunawa na waɗanda suka gama ne, kuma suka karɓi tallafi ko bashin tarayya. In ɗaliban fannin 'yan kaɗan ne, sai a bar gurbin babu komai don kare sirrinsu. Wanda ya shiga ya yi zango biyu ya bari, ba ya cikin lissafin albashin nan ko kaɗan. Alhali a ƙasar nan waɗanda suka fi kasa biyan bashin karatu ba masu babban bashi ba ne, masu ɗan ƙarami ne da ba su kammala ba. Dala 5,000 babu takarda ta fi dala 15,000 da takarda nauyi. Bashin karatu kuma ko kotu ta ayyana mutum ya karye, da wuya a yafe masa shi.

Me ke sa yaranmu barin karatun? Na ga abin da idona. Lissafi da kimiyyar sinadarai na zangon farko suna kayar da su, don sun fito daga aikin dare a sito ko tuƙin Uber sun shiga aji ido na rufewa. Mu iyaye kuma muna jiran su kawo na haya, a aika na gida Kumasi ko Zinder ko Kano. Ina roƙon ku, shekara biyun nan ku sassauta musu. Ƙanina, kai kuma kafin ka sa hannu a kowace takarda, je ofishin fannin ka tambaye su: cikin waɗanda suka fara bara waccan, nawa suka gama, kuma wane kamfani ya ɗauke su? In suka yi ta kewaye-kewaye, nemi wata makarantar.

Na ga ladan ya miƙe. Bayan Magariba zan zauna a bayan ɗakin nan da kwamfuta, duk mai son mu buɗe makarantar ɗansa mu duba tare, ya zo da sunanta.