Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Asusun Tallafa Wa Bincike, Daga Sashen Nazarin Ƙashin Dabbobi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mutum irinka ba a tsayawa karanta masa tarihinsa, domin kowa a zauren nan ya san ɗakunan binciken da suka farfaɗo a hannunka. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari mu faɗi abin da ke ranmu tun kafin ka sha ruwa: na'urar maikuro-siti, mai ɗaukar hoton ginin cikin ƙananan ƙasusuwa, muke roƙo, guda ɗaya tak.

Aikinmu shi ne mu raba ɓeraye gida biyu, waɗannan su sha ruwa zalla, waɗancan su sha mai sukari, bayan makonni mu duba abin da ya sami ƙashin cinyarsu. Da tsohuwar na'urar eksire da wani asibiti ya yi wa ritaya magabatanmu suka kafa sashen nan, wato da hasken nan da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Da ita muka yaye ɗaliban da a yau suke koyarwa a wurare daban-daban, kuma muna alfahari da hakan. Sai dai inuwa kawai eksire ke nunawa, ba ya tona zaizayar ƙashi sai kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'adininsa ya tafi.

Shi kuwa sukari ɓarnarsa a ɓoye take. Yawansa yana ƙara fitar da kalsiyam, ma'adinin da ke ƙarfafa ƙashi, ta fitsari, yana kuma manne wa kolajin, zaren da ke ba ƙashi danƙo, har ya ƙage. Masu ciwon sukari nau'i na 2 sau da yawa awo kan nuna ƙashinsu cike yake, amma sun fi saurin karaya. Danƙo muna iya gwada shi, mu danna ƙashi har ya karye. Ginin ciki ne ya gagare mu. Cikin kan ƙashin cinya kamar saƙar zuma yake, kuma a jikin ƙaramin ɓera kaurin kowace sanda bai wuce silin gashi ba. Maikuro-siti ce ke yanka wannan saƙa hoto-hoto, ta ƙirga sandunan, ta auna tazararsu, ba tare da an sa wuƙa ba. An fara ɗaukar hoton majiyyaci da babbar siti, wato na'urar hoton cikin jikin mutum da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, a Landan tun 1971, mu har yau ƙanwarta ba ta tako ƙofarmu ba.

Ranka ya daɗe, ga yadda muke fama. Mukan naɗe ƙasusuwa a bandeji mai ruwan gishiri, mu daskarar, mu aika wani ɗakin bincike mai nisa, mu zauna jira wata da watanni. In sakamako ya fito, sunan masu ɗakin binciken ne a gaban takarda, namu a wutsiya. Wata ɗalibarmu ta yi rainon ɓerayenta, ta aika, ƙanƙara ta narke a hanya, aikin shekara ya ruɓe cikin akwati. An taɓa turo mana kwamiti, suka auna ɗaki da tef, suka yi alkawari, ko ƙurarsu ba mu sake gani ba.

Muna kuma fatan a horar mana da ma'aikaci ɗaya, a sabunta kejin dabbobi. Amma in ɗaya za a yi, to na'urar ce, irin wadda ake sa ɓera da ransa bayan an ba shi maganin barci. Da ita dabba ɗaya za mu riƙa bi mataki-mataki, mu daina kashe rukuni guda a kowane zango.

Ɗakin da aka auna yana nan a share, mabuɗinsa na hannun shugaban sashe. In ka yarda, da shi za mu fara zagayen.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarba, a madadin malamai, ma'aikata da ɗaliban sashe.